Kano ko Kaduna: inda ya fi a hau jirgin Legas daga Zariya

Wa alaikumus salam Alhaji. A kan tambayarka ta Kano ko Kaduna don zuwa Legas, ni dai ka hau a Kano. Kusan shekara tara ke nan ina saro kayan gyaran mota daga kasuwar Ladipo ta Legas zuwa shagona a Sabon Garin Zariya, kuma duka biyun na gwada su.

Kano ta fi nisa, wannan ba gardama. Kusan kilomita 150 ne daga nan, Kaduna kuwa wajen 80. Amma tun da aka gyara titin, in na bar Kwangila bayan sallar asuba, na wuce Tashar Yari da Kwanar Dangora da Kura, cikin awa biyu na isa, matuƙar na riga cunkoson Na'ibawa. Abin da ya riƙe ni a filin jirgin Malam Aminu Kano shi ne yawan jirage. Akwai ranar da zan je biyan kuɗin kaya, mai kayan ya ce in ban iso ranar ba, zai sayar wa wani. Muna zaune aka ce jirginmu ya samu matsala. Hankalina ya tashi ƙwarai. Wani dattijo da ke kusa da ni, ɗan kasuwar Kwari, ya ce, "Ɗana, tashi mu je," ya kai ni teburin wani kamfanin, muka samu kujeru biyu da suka rage a jirgin rana. Kafin la'asar ina Ladipo. Har yau muna gaisawa da bawan Allahn nan. In kuma jirgin dawowa ya yi dare, ba na kama hanya. A Fagge nake kwana wurin gwaggona, da safe in taho gida.

Kaduna kusa ce, kuɗin mai ya fi sauƙi, iyakar yabon da zan yi mata ke nan. Na taɓa sayen tikitin zuwa da dawowa daga can saboda arha, kamfanin ya ɗaga tafiyar sau uku ta saƙon waya, a na ƙarshe ma sai da na isa aka ce an soke. Babu wani jirgin ranar. Na juyo Zariya, kuɗina kuma sai bayan wata biyu.

Ko a Kanon ba za ka tsira daga jira ba. Daga Disamba zuwa Fabrairu hazo na hana sauka da tashi, tafiyar awa ɗaya da rabi ta cinye maka yini guda a kan kujerar ƙarfe, babu mai fitowa ya yi bayani. Shi ya sa nake sayen jirgin farko na safe, don na yamma duk jinkirin ranar a kansa yake taruwa.

Sai dai abin da ya raba ni da Kaduna ya wuce jinkiri, kuma yana ci mini rai. Dubi hanyar da kake bi zuwa filin nan. Ka baro Zariya mai Depo, inda ake horar da kuratan soja tun 1924, ga makarantar soja ta yara da aka kafa a 1954, ga barikin Basawa. Ka wuce Jaji. Ka shiga Kaduna, hedikwatar runduna ta ɗaya, ka bi ta Mando inda sansanin sojan sama yake, makarantar horar da hafsoshin soja ta NDA kuma tana Afaka, maƙwabciyar filin jirgin. Duk da haka a Maris 2021 aka kwashe ɗalibai 39 daga kwalejin gandun daji ta Afaka. Ranar 24 ga Agusta na wannan shekarar aka shiga NDA kanta, aka kashe hafsoshi biyu, aka tafi da ɗaya. Ranar 26 ga Maris 2022 'yan bindiga suka kai har gefen titin tashin jirage suka kashe mai gadi, kamfanoni suka dakatar da zuwa na wani lokaci. Bayan kwana biyu aka kai wa jirgin ƙasan Abuja hari, bai dawo aiki ba sai 5 ga Disamba.

Ba na ganin laifin yaran da ke bakin daga. Ƙanena daga Depo ya fito, na san watannin da yake yi bai ga iyalinsa ba. An rarraba soja a kusan kowace jiha suna aikin da na 'yan sanda ne. An sayo jiragen yaƙi na Super Tucano 12 daga Amurka a 2021, amma jirgi ba ya tsaron shinge, kuma ba ya maye gurbin bayanan sirri daga mutanen ƙauye. In 'yan bindiga a kan babura sun iya kaiwa inda suka kai, me zai faru ranar da aka fuskanci wanda ya fi su shiri? Na san an samu sauƙi daga baya, mutane da yawa suna tashi daga can lafiya, Allah ya ƙara tsarewa. Ni dai har yanzu zuciyata ba ta kwanta da bin hanyar nan da dare ba.

Wani abu da ba ka tambaya ba, Alhaji: ka yi hattara da masu tallar tikiti mai rahusa a WhatsApp da masu tare mutane a bakin ƙofar filin jirgi. Wasu kama kujera kawai suke yi ba tare da biya ba, su turo maka takarda mai tambarin kamfani, sai ka je a ce sunanka ba ya ciki. Haka aka yi wa maƙwabcin shagona da iyalinsa mutum huɗu. Ka saya a shafin kamfanin ko a ofishinsu. In dole sai ta hannun ejan, ka karɓi lambar tikitin ka duba ta da kanka kafin ka tura kuɗi, kuma ka tabbata lambar wayarka ya saka, ba tasa ba, don in an ɗaga tafiya kai za a sanar.

Ka sayi na safe daga Kano. In jirgin na ƙarfe bakwai ne, ka tafi tun yamma ka kwana can. In kana son lambar direban da ke kai ni, ka yi mini magana ta gefe.