Echeveria ko Haworthia: wacce za ta rayu a ɗaki mai ƙarancin rana?

'Yar'uwa, kin ce ɗakinki taga ɗaya ce, rana ba ta leƙowa sai ɗan lokaci da safe, kuma kin rasa wacce za ki ɗauka tsakanin Echeveria da Haworthia, ƙananan tsirran ado masu kaurin ganye da ake shukawa a tukunya. Ki ɗauki Haworthia.

Echeveria asalinta Meziko ne da Amurka ta Tsakiya. Wajen kyau kam ba a magana: ganyenta a jere suke zagaye kamar buɗaɗɗen fure, da wani farin gari-gari a jiki wanda da kin taɓa yatsanki zai bar shaida. Kada ki goge shi, shi ke kare ta daga zafin rana. Sai dai 'yar rana ce, tana son haske mai ƙarfi kamar awa 6 a yini. In ta rasa, sai ki ga ta fara miƙewa tana bin taga, kara ya yi tsawo, ganye sun yi nesa da juna, launi ya dushe. Abin tausayi shi ne in ta miƙe ba ta komawa, sai dai a yanke kan a sake dasawa.

Ita kuwa Haworthia daga kudancin Afirka take, inda ta saba fakewa a gindin duwatsu da ƙarƙashin ƙananan itatuwa. Shi ya sa hasken taga irin taki ya ishe ta. Rana mai zafi ma ganyenta take mayarwa ja ko ruwan ƙasa. Ƙarama ce, ba ta saurin girma, wadda aka fi gani tana da fararen layuka a bayan ganye kamar jakin dawa.

Ban ruwa kuwa duk ɗaya ne, kuma a nan aka fi rasa su. Ruwansu yana ajiye cikin ganye. Ki zuba har sai ya fito ta ramin gindin tukunya, ki zubar da wanda ya taru a faranti, sannan ki ƙyale ta sai ƙasar ta bushe sarai. Ki soka tsinke har ƙasa. In ya fito da danshi, a dakata. Ganye ya yi rawaya ya yi taushi, ruwa ya yi yawa, saiwa ta fara ruɓewa. In ya yamutse ne, ƙishirwa ce, wannan mai sauƙin gyara ce. Ki lura kada ruwa ya kwanta a tsakiyar ganyen, musamman na Echeveria.

Tukunya ta zama mai rami, ta yumɓu ta fi ta roba saurin bushewa. Ƙasar a gauraya ta da yashi mai kauri ko ƙananan tsakuwa, kusan rabi da rabi.

Inda Echeveria ta yi fice shi ne yaɗuwa: ganye guda ki ɗora a kan ƙasa, zai yi saiwa ya fitar da sabon tsiro. Haworthia 'ya'ya take fitarwa a gefenta. In ɗaya ya yi saiwarsa, ki cire shi a hankali, ki bar wurin yankan ya bushe kwana 2 kafin ki dasa.