Makaɗa ko kiɗan lasifika: wanne ya dace da ƙaramar ƙungiyar rawa?

Wani Malam ya tambaya cewa su 8 ne a ƙungiyarsu ta rawar zamani, za su yi wasan minti 40 a Samaru, shin su ɗauko makaɗa ne ko su saki kiɗan da aka naɗa ta lasifika.

Malam, abin da za ka fara dubawa shi ne yadda kuka tsara rawar. Idan irin wadda ake ƙirga taku takwas-takwas ce, kowa ya ɗaga ƙafa tare ya sauke tare, kiɗan da aka naɗa ya fi muku, domin saurinsa ba ya canzawa: yadda kuka ji shi a gwaji haka za ku ji shi ranar wasa. Makaɗi kuwa mutum ne. Da zarar 'yan kallo sun fara tafi ana liƙi, hannunsa zai ƙara sauri bai sani ba, sai ka ga na layin baya sun rasa taku. Wani ma sai ya juya kalangunsa ya shiga yi wa mai liƙin kirari, 'yan rawa na tsaye suna jira. Wannan sai an yi magana a kansa tun wajen ciniki.

Amma akwai abin da lasifika ba za ta taɓa yi muku ba. Mai kalangu yana kallon ƙafar ɗan rawa. Idan ya yi tsalle ya jira shi ya dira, idan ya yi tuntuɓe ya rufe masa da ɗan kiɗi har ya dawo daidai. Kuma mafi yawan wasanninmu tsakanin la'asar da magariba ake yi, to in lokaci ya ƙure ana shirin kiran salla, ido kawai za ka yi wa makaɗi ya dunƙule kiɗan ya ajiye shi da kyau. Na'ura sai dai a datse ta a tsakiyar waƙa.

Kowanne da inda yake ba da matsala. Fatar kalangu da ta ganga tana saki da damina, sautin ya mutu, don haka a shanya su a rana ko a ɗan kara su da wuta kafin a shiga fili. Da hunturu fatar kan bushe ta ɗame har ta fashe, sai a zo da kalangu biyu. Ɓangaren na'ura kuwa wuta ce babbar damuwa. Ku tanadi janareto, a ajiye shi kamar taku 20 daga fili saboda ƙara. A haɗa kiɗan da mikisa, wato na'urar daidaita sauti, ta kebul, kada a dogara da Bluetooth, kuma a cire layi daga wayar da ke kunna kiɗan, kada kira ya shigo ana tsaka da rawa. Abin da aka fi mantawa shi ne lasifika guda da za ta fuskanci 'yan rawa. In duka lasifikokin suna kallon jama'a, amsa-kuwwar bango ce kawai za ta riƙa iso wa 'yan rawa, a makare.

Fili ma yana da ta cewa. Wuri irin Drama Village, dandalin wasan kwaikwayo na Jami'ar Ahmadu Bello, mai bangon ƙasa da 'yan kallo kusa-kusa, ganga ɗaya da kalangu sun cika shi ba tare da makirufo ba. Babban zauren biki mai tayil a Sabon Gari kan dagula sautin ganga.

Shawararmu, rawar taro ku yi ta da kiɗan da aka naɗa, rawar mutum ɗaya da ta rufewa ku ba makaɗa. In ba za ku samu gwaji aƙalla sau 3 tare da makaɗan ba, ku haƙura da su a wannan karon.