Monita mai inci 27 ko talabijin mai inci 32?

Wa alaikumus salam ƙanena. Tsakanin biyun nan da kake son jona wa laftof ɗinka saboda rubutun Photoshop ya yi maka ƙanƙanta, monita za ka ɗauka. Ko kusa ba na ɗar a kan wannan.

Amma kafin ka taɓa aljihu, gwada abin da ba ya cin ko kwabo. A cikin Photoshop, shiga Edit, sai Preferences, sai Interface. Mayar da UI Font Size zuwa Large, ka sa alama a Scale UI To Font, sannan ka rufe manhajar gaba ɗaya ka sake buɗe ta, don gyaran ba ya kamawa sai an yi haka. A Windows kuma, cikin Settings, ƙarƙashin Display, ɗaga Scale zuwa 150%. Tun farkon 2018 Photoshop ke bin wannan ma'aunin a Windows 10, daga 100% har 400%. In kuwa tsohuwar Photoshop CS6 kake amfani da ita, ta 2012 ɗin nan da har yau take a shagunan hoto da yawa, ba ta san wannan zance ba. Za ka iya tilasta mata ta danna dama a kan alamarta, sai Properties, sai Compatibility, sai Change high DPI settings, rubutun zai girma amma ya yi dishi-dishi.

Asalin matsalar cunkoson ɗigo ne a fuskar na'urar, wato ƙananan ɗigon da ke haɗuwa su zama hoto da rubutu. Laftof mai inci 15.6 da 1080p, wato ɗigo 1920 a kwance da 1080 a tsaye, tana da ɗigo kusan 141 a kowane inci, mai 4K kuwa, wato 3840 da 2160, kusan 282, shi ya sa haruffa ke komawa kamar ƙwayar gero. Monita inci 27 mai 2560 da 1440 tana kan 109. Wannan lambar ita ce sirrin: ko tsohuwar manhajar da ba ta iya ƙara girma za ka karanta ta daidai, ba tare da wata dabara ba.

Irinta ce a teburina, Dell UltraSharp, ta hannu na saya. Aikin farko da na yi a kanta kundin hoton biki ne. Na buɗe hoton amarya cike da tsakiyar fuskar monitar, zanen lallen hannunta ya fito layi-layi, a gefen dama kuma ga sunayen leyoyi, wato shimfiɗun hoton da ake jerawa wani kan wani, ina karanta su ina jingine da kujera, ga lambar girman buroshi a sama a bayyane. A da sai na sunkuya har hancina ya kusa taɓa gilashi kafin in bambance 6 da 8, in yamma ta yi idona ya kaɗa ya yi ja, wuya ya riƙe. Duk wannan ya wuce. Kuma IPS ce, wato irin gilashin da launinsa ba ya juyawa in an kalle shi daga gefe, idan mai hoto ya tsaya a bayana yana leƙe daga gefe, launin da nake gani shi yake gani, ba a gardamar "ai fuskar ta yi duhu".

Talabijin fa? Girma kam tana da shi, kuma ta fi araha, iyakar abin da zan yaba mata ke nan. Yawancin masu inci 32 da ke kasuwa 1366 da 768 ne, wato ɗigo kusan 49 a inci. Haruffa za su yi gwari-gwari amma bakinsu a farfashe, filin aikin kuma bai kai na laftof mai 1080p ba. Ga ta da ƙara wa hoto haske da launi da kanta, ka gyara fatar mutum ta yi kyau a idonka, a wanko hoton ya fito wani abu daban. Don kallon ƙwallo aka yi ta.

Sai ka yi hattara da wasu 'yan kasuwar, musamman masu kayan hannu. Suna manna takardar Full HD ko 2K a jikin abin da bai kai ba, su kunna maka bidiyon furanni mai ɗaukar ido. Kada ka yarda da wannan. Tafi da laftof ɗinka da wayar HDMI taka, ka jona a gabansa, ka duba Display resolution ka ga lambar da aka rubuta Recommended a gefenta. In ba 2560 da 1440 ka gani ba, ajiye masa kayarsa. Buɗe farin shafi sannan baƙi, ka nemi mataccen ɗigo ko tabon haske a kusurwa. Kalle ta daga gefe da ƙasa, idan launi ya juya to ba IPS ba ce, kome rantsuwar da zai yi. Wanda ya ce babu wuta, ka biya ka gwada a gida, bar shagonsa.

In kuɗin bai kai na inci 27 ba, kada ka koma wa talabijin. Nemi inci 24 mai 1080p, IPS, ɗigonta kusan 92 ne, rubutun ma ya ɗan fi girma. Ka kuma tabbata tana da mashigar HDMI, don tsofaffi da yawa tsohuwar mashigar VGA kaɗai gare su.