Aikin wani mai fenti a Katsina kan silin ɗin kicin da ya ɓare

Masu fenti suna da yawa a birnin Katsina, amma kaɗan ne daga cikinsu suke tsayawa su binciki abin da ya sa tsohon fenti ya ɓare kafin su buɗe sabon gwangwani. Wanda ya gyara mana silin ɗin kicin a gidanmu da ke Ƙofar Ƙaura yana cikin waɗannan kaɗan ɗin, kuma saboda haka nake ganin aikinsa ya cancanci a yi bayaninsa, duk da cewa kuɗin da ya nema ya fi na sauran waɗanda muka tuntuɓa.

Silin ɗin namu na POP ne, kuma fentinsa ya kai matsayin da ɓawonsa yake faɗowa daidai kan murhu, abin da ba mai girki da za ta lamunta. Da ya zo, bai fara da maganar farashi ba. Ya sa tsani ya leƙa tsakanin silin da kwanon rufi domin ya tabbatar ko akwai yoyo, tunda ruwan watan Agusta yakan tona asirin duk rufin da ƙusarsa ta saki. Da bai ga alamar danshi a can ba, sai ya ɓanɓaro wani yanki ya nuna mini bayansa. Ya ce, "Alhaji, rufinka lafiya lau yake. Fentin ruwa aka shafa a kan tsohon fentin mai, ba a wanke maiƙo ba, ba a goge ba, shi ya sa bai kama ba."

Wannan bayani ya gamsar da ni, domin ya dace da yadda abin yake. Fentin mai yana bushewa da santsi, hayaƙi da tururin suya kuma suna barin maiƙo a kansa shekara da shekaru, saboda haka fentin ruwa ba ya samun abin riƙewa. Idan tururin tukunyar tuwo ko ta wake ya taso kullum ya taru a sama, yakan ratsa fentin ya kumbura shi, sannan bushewar hunturu ta tsattsaga shi. Duk wanda ya sake shafa fenti a kan irin wannan wuri ba tare da gyaran ƙasa ba, kafin damina ta zagayo zai koma gidan jiya.

A shirin wurin ne ya fi ɓata lokaci, kuma a nan ne na ga ƙwarewarsa. Ya sa aka fitar da kwanuka da kayan abinci, ya rufe kabad da leda, sannan ya kankare duk fentin da ya saki har ya isa inda ya riƙe sosai. Ya wanke silin ɗin da ruwan ɗumi da garin sabulu, ya ɗauraye, ya bar shi ya kwana da taga a buɗe. Washegari ya cike ramuka da gefen wuraren da ya kankare da garin sikiridin, wato garin da ake kwaɓawa a daidaita fuskar bango kafin fenti, ya goge da samfefa har tafin hannu ya daina jin tudu. Ya sa takunkumi yana gugar, ya kuma roƙi a hana yara shiga, domin tsofaffin fentin mai sukan ƙunshi dalma, ƙurarsu kuwa illa ce ga ƙananan yara. Ya ƙara da cewa da silin ɗin na asbestos ne, irin na tsofaffin gidaje, da ba zai taɓa shi da samfefa ba sam.

Bayan haka ya shafa fentin shimfiɗa mai kama santsi, sannan ya bi da fentin ruwa mai ɗan sheƙi wanda ake iya gogewa da jiƙaƙƙen tsumma, shafi biyu, yana barin na farko ya bushe sarai kafin na biyu. Bai cika shi da ruwa don ya yalwata ba, al'adar da ta lalata ayyuka da yawa a garin nan. Ya kuma yi mana adalci wajen sayayya, domin ya ce kicin mai faɗin mita 3 da tsawon mita 3 ba ya buƙatar bokitin lita 20, galan ɗaya na lita 4 ya isa shafi biyu har da saura, kuma haka aka yi.

Akwai inda ya gaza. Ba ya cika alƙawarin lokaci. Yakan ce zai iso da hantsi, sai bayan azahar a gan shi, alhali uwargida ta mayar da girki tsakar gida tana jiran a gama. Yaron da yake taya shi kuma bai share ƙurar bayan ƙofa da saman taga ba, sai da muka yi magana. Waɗannan abubuwa ne da ya kamata mai sana'a irinsa ya kula da su, musamman a gidan aure inda shigar ma'aikata take takura mata.

Yanzu silin ɗin ya ga damina ya ga hunturu, babu kumburi kuma babu tsaga. Kafin ya tafi ya ba da shawarar a sa fanka mai zuƙe tururi a bango, ko aƙalla a riƙa buɗe taga yayin girki da bayansa, kuma mun bi shawarar. Wanda zai ba shi aiki ya yi yarjejeniya da shi kan lokacin zuwa da share wuri tun kafin ya biya kafin alƙalami, ya kuma tanadi inda za a yi girki na kwana uku ko huɗu.