Zaɓen makullin da zai kare tirela daga sata

Tirelar da aka kwance daga jikin mota aka ajiye ba ta da wuyar sacewa, domin ɓarawo ba ya buƙatar tayar da inji, abin da yake nema kawai shi ne ya haɗa ta da tasa motar ya ja. Saboda haka, kafin mai saye ya dubi farashi, ya kamata ya tambayi kansa wace hanya makullin zai toshe.

Makullin mahaɗi, wato wurin da tirela ke haɗuwa da mota, shi ne wanda aka fi sani. Yana cike ramin gaban tirela da ƙwallon ƙarfen da ke bayan mota ke shiga, amma sai an auna kafin a saya, tun da girman ƙwallon ya bambanta: a Turai milimita 50 ne aka saba, a Amurka kuwa akwai inci 2 da wasu girma dabam, kuma makullin da ya yi sako-sako ƙarfen ɓanɓara na iya cire shi. Rauninsa babba shi ne ɓarawo yana iya ɗaure sarƙoƙin kariya na tirelar, waɗanda ke riƙe ta idan mahaɗi ya kwance, a motarsa ya ja ta ba tare da ya taɓa makullin ba. Wannan ne ya sa nake fifita makullin taya idan tirela za ta daɗe a ajiye, musamman irin wanda ke rufe notocin taya, don kada a kwance ta a sa wata. Yana da nauyi, ɗaura shi kuma yana cin lokaci, amma tirelar da tayarta ba ta juyawa ba ta tafiya nesa.

Manyan tireloli suna da nasu makullin, wanda ake sawa a ƙusar ƙarfen da kan mota ke kamawa.

Sarƙa da kwaɗo sun fi araha, sai dai amfaninsu ya dogara ga ingancin ƙarfen da kuma abin da aka ɗaure su a jiki. A nemi ƙarfen da aka ƙarfafa da wuta, da kwaɗon da jikinsa ya lulluɓe wuyansa yadda almakashin ƙarfe ba zai sami wurin kamawa ba, kuma kada a bar sarƙar kwance a ƙasa inda za a iya dukanta da guduma. Injin yanka mai batir yana cin kusan kowane ƙarfe idan aka ba shi lokaci, shi ya sa wanda kuɗinsa ya kai gara ya haɗa makullin mahaɗi da na taya, ya kuma zaɓi masu murfin da ke hana ruwa da ƙura shiga ramin mabuɗi.