Littafin kuɗin ƙasa ko takardun ciniki: ta ina za a fara neman gidan kakanni a Tsibirin Man?

Malam, ka ce surukarka da ke Cleveland, a jihar Ohio ta Amurka, 'yar zuriyar Corlett ce, kakannin kakanninta sun taso daga Tsibirin Man wajen 1827, tana so a gano gonar da suka baro. An ambata maka littattafan kuɗin ƙasa da takardun cinikin gona, kana tambayar wanne za ka fara buɗewa. Ni dai na ce ka fara da takardun ciniki, littafin kuɗin ƙasa ya biyo baya.

Tsibirin yana cikin teku tsakanin Birtaniya da Ireland, an raba shi gundumomin coci 17. A da ƙasar ta ubangidan tsibirin ce, gidan Stanley daga 1405 zuwa 1736, sannan gidan Atholl. Manomi yana riƙe da gona, yana biyan kuɗin ƙasa duk shekara. Littafin da ake rubuta masu biya shi ne Liber Assedationis. Kundin da aka fi kafa hujja da shi na 1511 ne ga gundumomin kudu, 1515 ga na arewa, kuma an buga fassararsa ta Turanci a 1924. Yana da abokin tafiya, Liber Vastarum, inda ake shigar da canjin hannu: wane ya rasu, an sa ɗansa, wane ya sayar, an sa mai saye. Mutum huɗu na gunduma ne suke tabbatar da hakan.

In ka buɗe shafinsa za ka ga sunan yanki a sama, wanda suke kira treen, a ƙarƙashinsa gonakin gado da ake kira quarterland, sai sunan mutum, sai kuɗi: sule kaza, kwabo kaza. Shi ke nan. Galibi babu matarsa, babu shekarunsa, babu inda ya tafi. Kuma magatakarda ba ya gaggawa, sunan mamaci kan daɗe a littafi bayan ciyawa ta rufe kabarinsa. Wanda ya ɗauki shekarar littafin a matsayin shaidar cewa mutum yana raye zai gina bishiyar dangi a kan yashi.

Takardar ciniki kuwa baki gare ta. Mai sayarwa zai faɗi sunansa da gundumarsa, sau da yawa matarsa ta sa hannu tare da shi saboda tana da haƙƙi a gonar. Za a faɗi farashi, a zayyana iyaka da sunayen maƙwabta: gabas gonar wane, yamma babbar hanya. A ƙasa ga shaidu, ga ɗan gicciyen wanda bai iya rubutu ba an rubuta cewa alamarsa ce. Na shekarun da kake nema suna cikin jerin cinikin arewa da na kudu, daga 1723 zuwa 1846, kuma na jingina an ware musu nasu jerin. Kada ka raina na jinginar. Mutumin da ya jinginar da gona sau biyu cikin 'yan shekaru sannan ya sayar da ita gab da bazara, ka kusa jin ƙamshin jirgin ruwa. Wani ma sai ya sauka a Amurka yake aiko wa ɗan'uwansa takardar wakilci ya sayar masa, kuma a irin wannan ne kake samun abin da littafin kuɗin ƙasa ba zai taɓa ba ka ba: sunan gonar a tsibiri da sunan garin da ya koma a Ohio, a takarda guda.

Shekarar da surukarka ta ambata ta zauna daidai. A 1825 an yi bore a tsibirin kan yunƙurin bishop George Murray na karɓar ushirin coci a kan dankalin turawa, kuma a 1826 da 1827 iyalai da yawa daga gundumomin arewa, irin su Ballaugh da Jurby da Andreas, suka nufi Ohio, wasu suka zauna Newburgh da Warrensville kusa da Cleveland. Galibi ta Liverpool suke bi, shi ya sa takardun jirgi kan rubuta su a matsayin mutanen Ingila ko Birtaniya kawai, ba su da amfani sosai wajen gano gunduma.

To ina amfanin littafin kuɗin ƙasa? Da zarar ka kama gonar, nan yake nuna ƙarfinsa. Kuɗin da aka ɗora wa kowace gona ba ya motsi shekara da shekaru, in ban da ninkawar da dokar sasanta mallakar ƙasa ta 1704 ta tabbatar. Saboda haka kuɗin ya zama tamkar lambar gonar. Takardar ciniki kan ambaci kuɗin ƙasar filin da aka sayar. Ka ɗauki wannan adadi ka koma littafi, ka bi shi baya, uba, kaka, kakan kaka, in ka yi sa'a har ƙarni na 16, inda takardun ciniki ba sa kaiwa. A tsibirin da 'yan Corlett suka yi yawa, John da William da Thomas suna ta maimaituwa a gida-gida, wannan adadi shi ke raba maka wane da wane. Sai dai in gonar tana cikin filayen tsohon gidan ibada na Rushen ko na bishop, littafinsu daban ne, za ka yi ta lalube a banza a babban littafi.

Abu ɗaya da nake so ka shirya wa surukarka tun yanzu: mai yiwuwa kakanta ba ya cikin ko ɗaya. A al'adarsu ta wancan zamani ɗan fari ne ke gadon gonar gida ɗungurungum, ƙanne su nemi abin yi, kuma ƙannen nan da 'yan ƙodago da masunta suna da yawa cikin masu ƙaura. Idan haka ne, takardun wasiyya da kotunan coci suka ajiye su ne mafita, don uwa ko uba kan lissafa 'ya'ya ɗaya bayan ɗaya, har da wanda aka ce yana Amurka. Daga sunan wan da ya gaji gona sai ka dawo kan littafi.

Asalin kundayen suna ɗakin karatu na gidan tarihin tsibirin (Manx Museum) a Douglas, babban birninsa, kuma shafin intanet na iMuseum yana da fihirisar sunaye da za ka fara dubawa daga gida. In ka samu sunan gonar, taswirar James Woods ta 1867 za ta nuna maka wurin da mai shi a lokacin. Sunayen gonaki da yawa da Balla suke farawa, ma'anarsa gona a harshensu, kuma akwai masu suna iri ɗaya a gundumomi daban-daban. Don haka kafin komai, ka sa surukarka ta duba dutsen kabarin kakan, da sanarwar rasuwarsa a jarida, da bangon tsohon Littafi Mai Tsarki na gidansu, ko za a ga sunan gunduma.