Kayan Zanen Lissafi: Wanne Ya Kamata Malami Ya Saya Wa Ajinsa?

Malamin lissafi da ya yanke shawarar koyar da zanen siffofi ta hanyar bai wa ɗalibai aiki su yi da hannunsu, kamar tsara zayyanar bango a kan kwali ko shata filin ƙwallon makaranta, zai tarar cewa rabin nasarar darasin tana hannun kayan aikin da ya raba musu. A jarrabawar WAEC da NECO tambayar zane takan zo da sharaɗin a yi amfani da rula da kamfas kaɗai wajen fitar da kusurwa mai digiri 60, ko 90, ko 45, ko raba layi gida biyu daidai, kuma mai duba takarda yana neman alamun da kamfas ya bari, don haka wanda ya saba da kayan banza tun daga aji zai shiga ɗakin jarrabawa da hannun da bai taɓa ganin zane ya fita daidai ba.

Abin da yawancin iyaye suka sani shi ne akwatin gwangwani na Oxford, wanda kamfanin Helix na Ingila ya fito da shi. Na ainihinsa ba shi da laifi ga yaro ɗaya da zai riƙe kayansa, domin akwai rula da kamfas da ma'aunin kusurwa da sukwaya biyu a ciki, sai dai gaɓar kamfas ɗinsa takan saki idan hannaye da yawa suna karɓa-karɓa. Akwatunan roba masu launi da ake jerawa a bakin makarantu kuwa kayan wasa ne, ban ga dalilin ɓata kuɗi a kansu ba. Manhajar GeoGebra, ta zanen lissafi a kwamfuta ko waya, kyauta ce kuma tana da kyau wajen nuni, amma ba ta koya wa yatsun yaro riƙe kamfas, kuma ba a shiga jarrabawa da ita.

Abin da nake ba da shawara a kai shi ne kamfas na ƙarfe mai wili a tsakiya, irin wanda kamfanoni kamar Staedtler na Jamus da Maped na Faransa suke yi, a saye shi shi kaɗai ba tare da akwati ba. Ƙafafunsa biyu suna haɗe ne da sandar ƙarfe mai zare, ba sa buɗewa ko rufewa sai an murza wilin, saboda haka tazarar da ɗalibi ya ɗauka ita ce za ta tsaya ko da ya danna da ƙarfi, ko ya miƙa wa na kusa da shi. Muhimmancin wannan yana bayyana ne a aikin da ya fi kowanne jan hankalin yara, wato fitar da siffa mai gefe shida a cikin da'ira. Idan aka zana da'ira, sannan aka taka gefenta da wannan tazarar ba tare da an canja ta ba, taku na shida dole ya faɗo daidai inda aka fara, kuma daga nan ake samun fure mai ganye shida, da kusurwa mai digiri 60, da tushen zayyana iri-iri irin wadda ake gani a bangon gidajen gargajiya da kwalliyar ƙwarya. Ya fi akwatin gwangwani tsada, gaskiya ne, amma tunda aikin na rukuni ne, kamfas ɗaya ya ishi yara huɗu ko biyar, sai a ƙara musu rula mai santimita 30 da fensir mai tauri wanda bakinsa ba ya saurin dakushewa. Idan aikin ya fita fili, igiyar da ba ta miƙewa da turaku na ƙarfe su ne kamfas ɗin: da su ake shata da'irar tsakiyar filin ƙwallo mai tazarar mita 9.15 daga tsakiya zuwa gefe, kuma da awon 3 da 4 da 5 ake tsayar da kusurwar fili, kamar yadda magina suke yi kafin haƙa harsashi.

Dalilin da ya sa na fi damuwa da gaɓar kamfas fiye da komai shi ne wata katan ta jabun akwatunan Oxford da aka taɓa kawo wa ajina, mai ɗauke da suna da hoto irin na ainihi. Yara suka yi taku shida, babu wanda nasa ya rufe, wasu sun zarce wasu sun gaza, har wata yarinya mai ƙoƙari ta ce mini ƙa'idar ce ba gaskiya ba. Wannan ita ce ɓarnar jabu, domin tana sa yaro ya yi shakkar lissafin kansa alhali laifin na ƙarfe ne.

Jabun akwatin Oxford ya cika kasuwa, kuma masu yin sa sun ƙware wajen kwaikwayon murfin, don haka kada mai saye ya tsaya a kan hoton da ke waje. Ya buɗe, ya matsa ƙafafun kamfas da yatsu biyu. Idan suka rufe ba tare da turjiya ba, ko kuma babu notin da za a ƙara ɗaure gaɓar da shi, ya ajiye. Ya sa fensir a maƙalarsa ya murza, domin a jabu zaren yakan cinye tun a murzawar farko, fensirin ya riƙa zamewa sama. Ya duba allurar, kada ta kasance dakusassa ko karkatacciya ko tana girgiɗi. Ya jera rula biyu daga akwatuna dabam-dabam ya ga ko alamun santimitarsu sun yi daidai, sannan ya goge lambobin da babban yatsa, saboda waɗanda aka buga da fenti mai arha sukan fita nan take. Sukwaya ma tana da gwajinta: a jingina ta da rula a ja layi, a juya ta ɗaya ɓangaren a sake ja daga wuri ɗaya, idan layukan biyu suka rabu to kusurwarta ba digiri 90 ba ce.

Akwai kuma wata dabara da ake yi wa masu sayen sari, musamman shugabannin makarantu da ke aika wani kasuwa gab da komawa hutu: a nuna samfuri mai kyau a kan kanta, a ɗauko katan daga sito mai wani abu dabam. Maganinta shi ne a buɗe katan ɗin a gaban mai shago, a zaro akwati daga sama da tsakiya da ƙasa a gwada kowanne da takarda da fensir, kuma a rubuta a rasit cewa za a dawo da duk wanda ya gaza. Kamfas mai wili ma ba a bar shi ba, akwai mai wilin roba da aka shafa wa fenti ruwan azurfa, wanda nauyinsa a tafin hannu yake tona shi, kuma idan aka murza shi har ƙarshe aka dawo za a ji yana tsallake zare.